Daga Gandun Rake Zuwa Tankin Mota: Tarihin Shirin Man Tsirrai na Ƙasar Burazil

Gabatarwa

Ranar 14 ga watan Nuwamba na shekarar 1975, shugaban mulkin soja na ƙasar Burazil, Janar Ernesto Geisel, ya sa hannu a kan wata doka wadda ta kafa shirin da ya shahara da sunan Proálcool. Abin da dokar ta nufa shi ne a riƙa sarrafa rake ana fitar da sinadarin itanol ana zuba wa motoci, domin ƙasar ta rage dogaro da man fetur ɗin da take sayowa daga ƙetare. A cikin shekaru hamsin da suka biyo baya, shirin ya bunƙasa har ya zama abin kwatance a duniya, ya durƙushe har aka fara yi masa ta'aziyya, sa'an nan ya sake miƙewa cikin wata sabuwar kama.

Kafin a yi nisa, ya kyautu a fayyace abin da ake nufi da man tsirrai. Shi ne duk wani mai da ake samowa daga abin da aka shuka, kamar rake da masara da rogo da waken suya, saɓanin fetur da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Shi kuwa itanol, ana samun sa ne idan aka matse ruwan rake, aka zuba masa yis, aka bar shi ya yi tsami, daga nan a tace shi ta hanyar tururi. Asalinsa ɗaya da sinadarin da ke cikin barasa, sai dai wannan don injin aka yi shi, ba don sha ba.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, gwamnati tana iya samar da sabon makamashi cikin 'yan shekaru ta hanyar doka da kuɗin baitulmali, amma ɗorewarsa tana rataye ne a kan amanar da ke tsakanin hukuma da mai saye, amanar da ake jarrabawa duk lokacin da fetur ya yi araha.

Rake da Burazil

Turawan Fotugal ne suka kai rake Burazil, inda aka kafa gandayen farko a wajen shekarar 1532. Kafin ƙarni na goma sha shida ya ƙare, yankunan Pernambuco da Bahia da ke arewa maso gabashin ƙasar sun zama cibiyar sukarin duniya. Gumin bayi ne ya gina wannan arziki, domin kuwa an sauke 'yan Afirka fiye da miliyan 4 a gaɓar Burazil, kuma ba a soke bauta a can ba sai a shekarar 1888. A cikin waɗanda aka kai Bahia a farkon ƙarni na goma sha tara har da Hausawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, aka gangara da su bakin teku aka sayar. Tarihi ya adana yunƙurin tawayen da suka shirya a birnin Salvador a 1807, da boren da suka tayar a 1814. Ke nan labarin raken Burazil bai zama baƙo ga Bahaushe ɗungurungum ba.

Tun daga wancan zamani, masu gandayen rake suka zama rukuni mai faɗa-a-ji a siyasar ƙasar, kuma duk sa'ad da farashin sukari ya faɗi, wurin gwamnati suke kai kukansu. Haka ta faru bayan karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. A watan Fabrairu na 1931, gwamnatin Getúlio Vargas ta wajabta gauraya itanol kashi 5 cikin 100 a duk fetur ɗin da aka shigo da shi, sa'an nan a 1933 ta kafa Hukumar Sukari da Itanol domin ta tsara yawan abin da za a noma da farashin da za a sayar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen dakon mai suka yi wuyar isowa, an ƙara yawan gaurayen ƙwarai, musamman a arewa maso gabas. Da yaƙi ya ƙare fetur ya wadata, sai zancen itanol ya koma gefe. Wannan ɗabi'a ta tunawa da rake a ranar tsanani da mantawa da shi a ranar yalwa za ta sake bayyana a gaba.

Girgizar 1973

A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Masar da Siriya. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka kuma hana sayar wa wasu ƙasashe. Cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. A sa'an nan Burazil tana sayo kimanin kashi 80 cikin 100 na man da take amfani da shi daga waje, ga shi kuma ta gina harkar sufurinta kacokan a kan hanyoyin mota. Kuɗin da take kashewa wajen sayen mai ya ninka fiye da sau uku a shekara guda.

Ana wata ga wata. Farashin sukari, wanda ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1974, ya rikito a 1975, alhali masu masana'antu sun riga sun ci bashi sun faɗaɗa injunansu. Saboda haka buƙatu biyu suka haɗu: gwamnati tana neman abin da zai tsare mata kuɗaɗen waje, masu rake suna neman kasuwar da za ta kwashe amfaninsu. Shi kansa Geisel ba baƙo ba ne a harkar, don ya shugabanci kamfanin mai na ƙasa, Petrobras, daga 1969 zuwa 1973. Daɗin daɗawa, a wata cibiyar binciken fasahar jiragen sama ta soja da ke São José dos Campos, wani injiniya mai suna Urbano Ernesto Stumpf ya riga ya nuna cewa injin mota zai iya aiki da itanol.

Zangon farko na shirin ya tsaya ne ga gaurayawa. Aka ba masu masana'antun sukari bashi mai ruwa ƙasa da hauhawar farashi domin su gina matatu a jikin masana'antunsu, aka ɗora wa Petrobras nauyin sayen abin da suka tace da rarraba shi. Itanol ɗin da ake samarwa ya tashi daga kimanin lita miliyan 600 a kakar 1975/76 zuwa fiye da lita biliyan 3 a ƙarshen shekarun 1970. An kuma gwada rogo, da fatan ƙananan manoma za su amfana, har Petrobras ya gina matata a garin Curvelo, amma ba ta yi nisan kwana ba. Dalili kuwa shi ne, sai an fara juyar da sitacin rogo ya koma sukari kafin a tsamar da shi, kuma rogo ba ya barin abin hura wuta. Rake kuwa, bayan an matse shi, tukar da ta rage ita ake ƙonawa a tafasa tukwane, a kuma samar da lantarkin da masana'antar ke buƙata.

Shekarun Ganiya

Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashin mai, ya ninka fiye da sau biyu. Gwamnatin Janar João Figueiredo ta ga cewa gaurayawa kaɗai ba za ta fisshe ta ba, sai ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin ƙera motoci a kan su fito da motocin da ba sa shan komai sai itanol. A watan Yuli na wannan shekara aka fito da Fiat 147, wadda ita ce ta farko da aka ƙera da yawa a kan wannan tsari.

Motocin farko sun zo da matsaloli. Sinadarin yana cin wasu sassan injin, motar tana ƙin tashi da sanyin safiya, kuma lita ɗaya ta itanol ba ta kai tafiyar lita ɗaya ta fetur, takan gaza da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan ya sa ciniki ya ja baya a 1981. Injiniyoyi suka gyara, suka lulluɓe sassan da ke tsatsa, suka ƙara wani ɗan ƙaramin tankin fetur don tayar da mota. Ita kuwa gwamnati ta yi alkawura masu nauyi: farashin itanol ba zai kai kashi biyu cikin uku na farashin fetur ba, za a sa famfonsa a gidajen mai a ko'ina cikin ƙasa, za a kuma rage haraji a kan motar da ke shan sa. Bankin Duniya ma ya ba da rancen dala miliyan 250 a 1981.

Jama'a suka amsa kira. A wajen 1985, kimanin tara daga cikin kowaɗanne sababbin motoci goma da aka sayar a Burazil masu shan itanol ne zalla, abin da ake tacewa kuma ya doshi lita biliyan 12 a shekara. Ya kamata mai karatu ya lura da abin da wannan ke nufi. Duk wanda ya sayi irin wannan mota ya ɗaure kansa ne ga mai iri ɗaya, ba shi da wata mafita in ya ɓace. Abin da ya saya a haƙiƙa shi ne alkawarin gwamnati cewa famfo ba zai ƙafe ba.

Ranar da Famfo Ya Ƙafe

A shekarar 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, har ya sauko ƙasa da dala 15. A daidai wannan lokaci Petrobras ya gano manyan rijiyoyi a cikin teku, wato Albacora a 1984 da Marlim a 1985, don haka tsoron da ya haifi shirin ya fara gushewa. Soja sun miƙa mulki a 1985, suka bar wa gwamnatin farar hula ta José Sarney tulin bashin waje da hauhawar farashi wadda ta haura kashi 1,000 cikin 100 a 1989. Domin ta danne hauhawar, gwamnati ta riƙe farashin da take biyan masu matatu a ƙasa, ta kuma tsuke bakin aljihu wajen ba da rance. Amma ba ta janye rangwamen da ke kwaɗaitar da masu sayen mota ba. Sakamakon haka motoci suka ci gaba da ƙaruwa, abin da za su sha kuwa ya tsaya cik.

Da farashin sukari ya farfaɗo a kasuwar duniya a ƙarshen shekarun 1980, masu masana'antu suka juya rakensu zuwa inda riba take. A 1989 itanol ya yi ƙamfa. Masu motoci sama da miliyan 4 suka shiga dogayen layuka a gidajen mai, wasu suka jingine motocinsu. Ƙasar da ta kafa shiri don ta daina sayen mai daga waje sai ga ta tana shigo da itanol da metanol domin cike giɓi. A 1990 shugaba Fernando Collor ya rushe Hukumar Sukari da Itanol bayan shekara 57 da kafuwarta.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙarancin bai daɗe sosai ba, amma tabon da ya bari ya daɗe. Kafin ƙarshen shekarun 1990, motocin itanol zalla ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na sababbin motocin da ake sayarwa ba. Injin bai sāke ba, rake bai sāke ba, abin da ya karye shi ne yarda.

Abin da Ya Hana Shirin Mutuwa

Abubuwa biyu suka riƙe masana'antar a shekarun fari. Na farko shi ne dokar gaurayawa, wadda babu gwamnatin da ta soke ta. Hasali ma a 1993 majalisa ta mayar da ita doka tabbatacciya, ta ƙayyade kashi 22 cikin 100. Wannan ya tabbatar wa masu matatu da kasuwar da ba ta dogara da ra'ayin mai saye ba. Na biyu shi ne bincike. Cibiyoyin nazarin rake, musamman waɗanda ke Piracicaba a jihar São Paulo, sun yi shekaru suna fitar da sababbin iri masu jure cuta da yawan zaƙi. Hekta ɗaya da ke ba da kimanin lita 2,000 a 1975 ta koma ba da kusan lita 6,000 a farkon shekarun 2000. Ruwan dattin matata, wanda a da ake kwararawa a koguna yana kashe kifi, aka koyi mayar da shi gona a matsayin taki. Da gwamnati ta sake farashin itanol ga kasuwa tsakanin 1997 da 1999, masana'antar ta iya tsayawa da ƙafafunta.

Sauran aiki shi ne maido da yardar direba, kuma fasaha ce ta yi wannan. A watan Maris na 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da Gol Total Flex, mota mai ɗauke da na'urar da ke gane abin da aka zuba a tanki, fetur ne ko itanol ko gaurayensu, ta daidaita injin da kanta. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kuma kafin shekara biyar irin waɗannan motoci sun haura kashi 80 cikin 100 na sababbin da ake sayarwa. Direbobi suka riƙe wani lissafi mai sauƙi: in farashin itanol bai kai kashi 70 cikin 100 na farashin fetur ba, a sha itanol, in ya wuce haka, a koma fetur. Mutum ya daina zama fursunan alkawarin hukuma, zaɓi ya dawo hannunsa a bakin famfo.

Duk da haka tsohuwar cuta ba ta warke ba. A 2007 aka ba da sanarwar gano ɗimbin mai a ƙarƙashin teku, hankalin hukuma ya sake karkata. Tsakanin 2011 da 2014 gwamnatin Dilma Rousseff ta danne farashin fetur don yaƙi da hauhawar farashi, har ta sauke wani harajin fetur zuwa sifiri a 2012. Da fetur ya yi araha ta hanyar doka, lissafin kashi 70 ya juya wa itanol baya, gomman masana'antu suka rufe. Sai daga baya aka gyara: aka ɗaga gaurayen zuwa kashi 27 a 2015, aka kafa dokar RenovaBio a 2017 wadda ke saka wa mai tace man da ya rage hayaƙi, sa'an nan a watan Agusta na 2025 gaurayen ya kai kashi 30 cikin 100.

Waɗanda Suka Ɗauki Nauyin

Tarihin nan ba zai cika ba in ba a ambaci 'yan ƙodagon da suka sare raken ba. Yawancinsu 'yan ci-rani ne daga yankunan da talauci ya yi wa katutu, ana kwaso su a bayan manyan motoci tun da asuba. Ana yi musu laƙabi da masu cin abinci da sanyi, saboda ƙunshin da suka taho da shi yakan huce kafin lokacin ci. Akan cinna wa gona wuta don ganye ya ƙone, sa'an nan su shiga da adduna, ana biyan su gwargwadon nauyin abin da suka sare, wanda kan kai tan 10 ko fiye a yini. A watan Mayu na 1984, a tsakiyar shekarun ganiya, masu saran rake a garin Guariba suka yi yajin aiki saboda an ƙara musu layukan da kowa zai sare daga biyar zuwa bakwai. An zubar da jini kafin a koma kan biyar. Daga baya jihar São Paulo ta yi dokar daina ƙona gonaki sannu a hankali a 2002, injuna suka karɓe girbi. Hayaƙi ya ragu, wahalar ta ragu, amma dubban ayyuka sun tafi tare da ita.

Haka kuma ribar shirin ta fi taruwa a hannun manyan masu gandaye na kudu. Da gwamnatin Lula da Silva ta ƙaddamar da shirin man dizal na tsirrai a ƙarshen 2004, ta yi fatan ƙananan manoman zurma na arewa maso gabas su ci moriyarsa. Amma zurma ba ta iya gogayya ba, waken suya na manyan gonaki ya mamaye kasuwar. A fagen duniya kuma, tsadar abinci ta 2007 da 2008 ta tayar da muhawara mai zafi a kan ko ya dace a mayar da gonar abinci ta zama gonar mai. Suka ya fi sauka a kan Amurka, wadda ke tace itanol daga masara, wadda kuma ta riga ta sha gaban Burazil a yawan abin da ake tacewa. Burazil ta kare kanta da cewa rake ya fi masara ba da makamashi nesa ba kusa ba, kuma ɗan yanki kaɗan ya ci na ƙasar nomanta. Wannan hujja tana da ƙarfi a ƙasa mai yalwar fili da ruwan sama, amma ba kowace ƙasa ce za ta iya aron ta ba.

Kammalawa

A shekarar 2007 Nijeriya ta fitar da tata manufar man tsirrai, wadda ta tanadi gauraya itanol kashi 10 cikin 100 a fetur, ta kuma ambaci rake da rogo a cikin amfanin gonar da za a dogara da su. Shekaru suka shuɗe ba tare da gaurayen ya zama abin da direba ke tararwa a gidan mai ba, a ƙasar da ta ci gaba da biyan tallafin fetur har zuwa watan Mayu na 2023. Wanda ya bi tarihin Burazil ba zai yi mamaki ba, domin ko a can, inda aka yi ƙarnuka ana noman rake, fetur mai tallafi ya durƙusar da matatu.

Idan aka tattara abin da ya gabata, za a ga cewa rangwame da rance sun gina shirin cikin hanzari, amma su ne suka fara zubewa da baitulmali ya yi rauni. Abubuwan da suka ɗore su ne waɗanda ba su da armashi a bakin 'yan siyasa: dokar gaurayawa da aka riƙe tun 1931 duk da sauyin gwamnatoci, da binciken iri na shekara da shekaru, da fasahar da ta bar wa mai mota zaɓinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Burazil ta iya amsa girgizar 1973 ne saboda ta tarar da gandaye da masana'antu da injiniyoyi da dokar da ta shekara arba'in tana aiki. Duk ƙasar da ke son bin wannan tafarki, tilas ta fara amsa tambayoyin da Burazil ta amsa da tsada: wace gona za a ba wa mai, wace za a bar wa abinci, wa zai yi saran kuma nawa za a biya shi, sa'an nan me hukuma za ta yi a shekarar da farashin ganga ya sake faɗuwa.